Dutse mai aman wuta: me ya sa wani ke malala, wani ke fashewa?

Sunan "dutse mai aman wuta" siffanta abin da ido ke gani ne. Abin da ke fitowa narkakken dutse ne daga cikin ƙasa, mai zafin digiri 700 zuwa 1,200, gauraye da tururi da iskar gas. Sunan guda ne, amma halin duwatsun ya bambanta, kuma mafarin bambancin shi ne kaurin wannan narkakken dutse.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar tuwo ya san misalin. Muddin talge na da ruwa-ruwa, tururi na fita salin-alin. Da zarar ya yi kauri sai ya riƙe tururin, ya kumbura, ya fantsamo wa mai tuƙi. Haka lamarin yake a cikin ƙasa, sai dai a can yawan sinadarin silika ne ke kawo kaurin.

Inda narkakken dutsen ya yi ruwa-ruwa, yakan malala nesa, ya bar dutse mai faɗi kamar garkuwar da aka kifa. Mauna Lowa na tsibirin Hawai irin wannan ne, haka ma Emi Kusi na Tibesti a Cadi, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Sahara. Inda ya yi kauri kuwa, toka da daskararren dutse ke taruwa hawa-hawa har su zama tsauni mai tsini, kamar Fuji na Japan da Besubiyo na Italiya. Akwai kuma ƙananan tuddai na tsakuwa da toka, irin Parikutin da ya tsiro a tsakiyar gonar masara a Meksiko a 1943.

Sunayen ire-iren aman ma abin nazari ne ga ɗalibin harshe, domin sunayen yanka ne suka koma sunayen jinsi. "Aman Hawai" shi ne malala cikin natsuwa. "Aman Sitiromboli", daga wani tsibirin Italiya, ƴan fashe-fashe ne a kai a kai. "Aman Bulkano" ya fi shi ƙarfi, kuma daga sunan wannan tsibiri ne Faransanci da Ingilishi suka samo kalmarsu ta dutse mai aman wuta. "Aman Filini" ya ɗauki sunan marubucin Rum da ya shaida yadda Besubiyo ya binne birnin Pompei a shekara ta 79, lokacin da toka ta tashi sama ta yi rumfa.

"Aman Pele" ya samo suna daga wani dutse a tsibirin Martinik. A ranar 8 ga Mayu 1902 guguwar toka mai ƙuna ta gangaro daga kansa, ta hallaka mutum kusan 28,000 a garin San Piyar cikin ƴan mintoci. Malalar dutse sau da yawa ana iya tsere mata. Wannan guguwa ta fi mota gudu.

Shi ya sa sanin nau'in dutse ke da nasaba da ceton rai. A 1991 masana sun fahimci halin Pinatubo na Filifin, aka kwashe dubban mutane kafin ya fashe. Mai fassara labarin irin wannan musiba zuwa Hausa, in ya tsaya a kan "aman wuta" kaɗai, bai gaya wa mai sauraro ko malala ce ke tafe ko guguwa ba.