Ƙarar Gayya: Darasin Shari'ar Pfizer ga Mutanen Birnin Kudu da Gwaram

A ce wani dillali ya sayar wa manoma ɗari uku gurɓataccen taki a Gwaram. Asarar kowa buhu biyu ce, ba ta kai kuɗin lauya ba, sai kowa ya ce Allah ya isa ya koma gida. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Doka ta yarda mutanen da cuta ɗaya ta shafa su wakilta wasu daga cikinsu su kai ƙara da sunan kowa. Lauyoyi na kiranta ƙarar wakilci. Tamkar gayya ce: kotu ta tabbatar kokensu ɗaya ne, hukuncin kuma ya hau kan duk wanda aka wakilta.

Maƙwabtanmu Kanawa sun ga irinta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. A 2001 iyalai suka haɗu suka shigar da ƙara a Amurka, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007. A 2009 aka sasanta da gwamnatin kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, 30 ga ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a.

Nan fa aiki ya dawo sabo. Kuɗin sulhu ba a raba shi kamar goron biki. Masu neman diyya sun ninka yaran da aka yi wa gwajin, sai kwamitin amintattu mai kula da rabon kuɗin ya ce kowa ya ba da yawunsa a yi gwajin ƙwayar halitta. Sai a Agustan 2011, bayan shekara 15, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne.

Saboda haka, manomin Gwaram da majinyacin Birnin Kudu, ku adana rasit, katin asibiti da buhun takin. Ku tabbatar sunanku na cikin jerin masu ƙara, ku tambayi kason lauya tun kafin sa hannu, ku cike fom kafin wa'adi ya cika. Ranar rabo, takarda ake tambaya.