Ko Ana Annoba, Tarin Fuka Ba Ya Jira: Darasin Da Korona Ta Bar Wa Mazauna Kudu

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka saka dokar kulle a Legas saboda korona, daga baya kuma aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Daga Agege har Sabon Badun, daga Shagamu har Fatakwal, ba a zancen komai sai korona. Amma a daidai wannan lokacin akwai wata cuta da ita ma iska ce ke ɗaukar ta, ita ma huhu take kamawa, kuma ta daɗe tana kashe mutanenmu tun kafin a san da korona. Ina nufin tarin fuka, wanda wasu ke kira tibi.

Na ga ya dace in yi wannan bayani ne domin ba wanda ya san ranar da wata annobar numfashi za ta sake ɓullowa. In ta zo, abu biyu ne bai kamata su tsaya ba: gwajin tarin da ya daɗe, da shan magani kullum ga wanda ya riga ya fara.

Mu duba abin da ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a 2019 an gano masu tarin fuka miliyan 7.1 a duniya, amma a 2020 adadin ya sauko zuwa miliyan 5.8. Wannan ba ya nufin cutar ta ragu. Masu ita ne suka daina zuwa asibiti: wasu don tsoron kada a ce korona ce a killace su, wasu don babu mota, a wasu wuraren kuma an kwashe ma'aikata da na'urori an mayar da su aikin korona. Sakamakon haka mutum kusan miliyan 1.5 suka mutu a shekarar, kuma wannan ne karon farko cikin sama da shekara goma da adadin mamatan ya ƙaru.

A Najeriya abin ya ɗan bambanta. Waɗanda aka gano sun ƙaru daga kimanin 120,000 a 2019 zuwa kimanin 138,000 a 2020, suka haura 200,000 a 2021, domin ma'aikatan lafiya sun riƙa shiga unguwanni suna neman masu tari maimakon su zauna jira. To amma an ƙiyasta cewa sama da mutum 400,000 ne ke kamuwa a ƙasar nan duk shekara, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan masu ita a Afirka. Ka ga ke nan akwai dubbai da ke yawo da ita ba su sani ba.

Ta yaya za a bambanta su? Korona da mura ƙwayar bairos ce ke kawo su. Suna zuwa da sauri, cikin kwanaki kaɗan mutum ya ji jiki, kuma yawanci cikin mako ɗaya ko biyu an ga sauƙi. Tarin fuka kuwa bakteriya ce, a hankali take cin mutum. Alamominta su ne tarin da ya kai mako biyu ko fiye, zazzaɓi musamman da yamma, zufa cikin dare har ta jiƙa riga, rashin cin abinci, da rama. Wani lokaci a ga jini a cikin kaki. Mutum kuma yana iya ɗauke da cutukan biyu a lokaci guda, don haka ko an ce maka korona ce ko mura, in tarin ya wuce mako biyu, ka nemi gwajin tibi.

Dalilin da ya sa na ce wannan magana tamu ce shi ne yanayin zamanmu. Mun san yadda 'yan ci-rani, 'yan acaɓa, 'yan dako da masu gadi ke kwana: mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya, ko a cikin shago, an rufe taga saboda sauro ko ɓarayi. Idan mai cutar ya yi tari, ƙwayoyin sukan daɗe a iskar ɗakin da ba ya samun iska, kowa yana shaƙa. Lokacin kulle kuwa ba dare kaɗai ake yi tare ba, har da yini.

Gwaji ba shi da wahala. Kaki ake bayarwa a wata 'yar roba, a saka a na'urar GeneXpert, wadda ke fitar da sakamako cikin kamar awa biyu, ko da yake kafin ya iso hannunka yana iya ɗaukar kwana ɗaya ko fiye. Gwajin kaki da magani kyauta ne a cibiyoyin da ake kira DOTS, waɗanda ake samu a asibitocin gwamnati da ƙananan cibiyoyin lafiya da yawa. Akwai kuma lambar kira kyauta, 3340, ta shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, inda za a faɗa maka cibiyar da ta fi kusa. Maganin tari na kemis da jiƙe-jiƙe ba sa kashe wannan ƙwaya, sai dai su ɓata maka lokaci.

Magani wata shida ne. Wata biyun farko haɗin magunguna huɗu ake sha, wata huɗun da suka rage kuma haɗin biyu. Ɗaya daga ciki yakan mayar da fitsari ja-ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti nan take.

A nan ne ake samun matsala. Bayan 'yan makonni mutum zai ji ƙarfi, tari ya lafa, sai ya ɗauka ya warke. Bai warke ba. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, in aka daina magani sai su dawo, kuma suna iya zama waɗanda maganin farko ba ya ci. Daga nan sai a shiga wani magani daban, mai buƙatar sa ido sosai, sannan duk wanda ka shafa wa, irin mai taurin kan zai ɗauka.

Mu kuma mutane ne masu tafiya. Damina ta faɗi a tafi gona, Sallah ta zo a tafi gida, an hana acaɓa a wata unguwa a hau tirela a koma Arewa. Ɗan'uwa, in kana kan magani, kada ka kama hanya sai ka je cibiyarka ka ce za ka yi tafiya. Za su ba ka takardar canjin wuri da maganin da zai kai ka, ka ci gaba a Kano ko Sakkwato ko duk inda za ka, domin shiri ɗaya ne a ƙasar baki ɗaya. Haka nan da zarar an fara raɗe-raɗin kulle, ka je ka nemi a ba ka na makonni da yawa a lokaci ɗaya. Ka riƙe katinka da lambar ma'aikacin da ke kula da kai.

Sai batun abokan zama. Idan an samu mutum ɗaya da cutar, duk wanda suke ɗaki ɗaya ya kamata a duba shi. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu cutar HIV sun fi shiga haɗari, kuma akwai maganin kariya da ake ba su ko da ba su nuna alama ba. Uwa kuma ta tabbata an yi wa jaririnta allurar BCG bayan haihuwa, ko ana kulle. Abubuwan da korona ta koya mana suna aiki a nan ma: buɗe taga, rufe baki lokacin tari, da saka takunkumi ga mara lafiya a makonnin farko. Ba ta hanyar gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya ake ɗauka ba, don haka babu dalilin korar mutum daga ɗaki ko ware masa kofi. Wanda ke tsoron kora shi ne ke ɓoye tarinsa.

Ina kira ga sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na 'yan acaɓa da su san cibiyar DOTS da ke kusa da unguwarsu tun yanzu, su kuma riƙa faɗa bayan salla da wurin taro cewa tarin mako biyu na gwaji ne. Mai shan magani kuma a haɗa shi da wani ɗan'uwa da zai riƙa tambayarsa kullum ko ya sha na yau. Tarin fuka yana warkewa in an kammala magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mu baki ɗaya.