Uwargida, Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Rumbunki?

Uwargida, in kin taɓa bin hanyar Gaya zuwa Ajingi da kaka, kin ga dammunan gero da dawa jingine a gonaki. Abin tambaya shi ne, me ya sa gidan da ya noma wannan hatsi yake awo da kwano a watan Agusta?

Da kaka maigida na da bashin taki a kansa, ga biki, ga kuɗin makarantar yara. Kowa ya kai hatsinsa kasuwa lokaci guda, sai farashi ya faɗi. 'Yan kasuwa su saye su yi Dawanau da shi su adana. Damina na yin nisa rumbu ya ƙare, manomi ya koma sayen abin da ya sayar da araha, amma da tsada. Ke da ke gaban murhu ke ce kike fara jin zafin wannan.

Ba mu kaɗai ke kuka ba. A 1996 ƙungiyar ƙananan manoma ta duniya, La Via Campesina, ta fito da kiran cewa kowace al'umma na da haƙƙin tsara abin da za ta noma, da irin da za ta shuka, da abin da za ta ci. A 2007 aka yi babban taro kan haka a ƙasar Mali, aka raɗa masa suna Nyeleni don tunawa da wata manomiya da ta shahara a labaran mutanen ƙasar.

Dubi abin da ya faru da fulawa. Mafi yawan alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje take zuwa, shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya taɓa kuɗin burodinmu. A Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun yi zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa. Gero kuwa, wanda wasunmu ke yi wa kallon abincin ƙauye, yana jure fari kuma yana yi a jigawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware masa shekarar 2023, shi da danginsa.

To me ke hannunki? Na farko shi ne iri. Ki tuna wa maigida ya ware zangarniya mafi kyau tun a gona, kamar yadda kakanni ke yi da kaura da farafara da waken kanannado. Irin aure na kamfani yana ba da yabanya, amma ba a maimaita shi, sai an sake saya kowace shekara. Wanda ya yar da nasa ya miƙa wa wani mabuɗin rumbunsa.

Na biyu, ajiya. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wato PICS, yana hana ƙwari iska su mutu, ba tare da an zuba wa wake guba ba. Ku haɗa adashi da maƙwabta ku sayi hatsi da kaka ku ajiye wa damina.

Na uku, tukunya. Daddawar kalwa, kuka, zogale, rama da yakuwa duk a kusa suke, kuma kuɗinsu hannun 'yar'uwarki zai shiga. Yaron da ya saba da fura da kunun gyaɗa ba zai raina su in ya girma ba.

Kada kuma ki yi sakaci da gonar gadonki, haƙƙi ne da addini ya ba ki. Ki tuna wa maigida zakkar amfanin gona in ya kai nisabi, kashi ɗaya cikin goma na noman damina, domin maƙwabcin da rumbunsa ya ƙare yana da rabo a ciki. Ku zauna ku lissafa abincin shekara tun kafin buhun farko ya fita daga gida.