Muhalli da Aikin Ƙwayoyin Gado: Misalin Ƙuman Ruwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda muhalli ke tayar da ƙwayoyin gado daga barci. Ƙuman ruwa mai suna Dafniya misali ne. A tafkunan Atik na ƙuryar arewacin duniya, inda rana kan yi makonni ba ta faɗi ba, wasu nau'o'insa kan baƙanta ɓawonsu domin kariya daga haskenta. Haka kuma, idan oksijin ya ƙaranta, sai ƙwayoyin ƙera himogulobin su farka, jikin ya yi ja.

Dangoginsa suna rayuwa a kududdufan Kafanchan da Kagoro, har da Saikulofs mai yaɗa kurkunu, cutar da aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita a 2013. Tunda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, irin wannan bincike zai nuna waɗanda za su jure wa ɗumamar yanayi.