Alkawarin Jirgin Ƙasa, da Mudun da Kowace Ƙasa Ke Auna Shi

Ga bayani a kan jiragen ƙasa na fasinja a ƙasashe dabam-dabam, da yadda suke cika alkawarin lokaci ko su saɓa shi.

Duk falken da ya taɓa sayen hatsi a kasuwar da ba tasa ba ya san ba a tambayar kuɗin mudu sai an ga mudun tukuna. Gama na wani gari ya fi na wani zurfi, kuma wani mai awo yakan tara hannu ya cika har ya yi tsororuwa, wani kuwa ya shafe daidai baki. To, haka al'amarin jiragen ƙasa yake. Kowace hukuma takan fitar da lissafi a ƙarshen shekara, ta ce jirage kaza cikin ɗari sun iso a kan kari, amma wannan kalma ba ma'anarta ɗaya ba a ko'ina. A ƙasar Suwizalan, jirgin da ya makara minti 3 ya saɓa alkawari. A Jamus sai ya kai minti 6. A Ingila a dā an daɗe ana yafe wa jirgin kusa minti 5, na nesa kuwa minti 10, kuma a tashar ƙarshe kaɗai aka riƙa duba agogo. A Amurka da Indiya afuwar ta kai minti 15. Watau jirgi guda da ya yi jinkirin minti 5 da rabi, mai laifi ne a Suwizalan, mai cika alkawari ne a Jamus, alhali ƙasashen nan biyu iyaka ɗaya ce ta raba su.

Tun asali ma jirgin ƙasa ne ya tilasta wa garuruwa bin agogo ɗaya. Malamai sun san rana takan faɗi a Yerwa kimanin rabin sa'a kafin ta faɗi a Sakkwato, domin haka kowane gari da lokacin sallarsa. Haka Turawa suke a dā, kowane gari yana gyara agogonsa bisa ga tsayuwar rana a kansa. Birnin Biristol yana bayan Landan da minti 10, ba kuwa wanda abin ya dama sa'ad da tafiya ta doki ce. Da jirgi ya zo sai minti 10 ya zama abin da zai sa mutum ya tarar da tasha wayam, ko ma jirage biyu su yi karo. Cikin 1840 kamfanin jiragen yammacin Ingila ya umarci tashoshinsa su bi agogon Landan, sauran suka bi sahu, amma sai 1880 doka ta ɗora wa ƙasar duka. A jikin tsohuwar kasuwar hatsi ta Biristol akwai agogo mai hannun minti biyu, ɗaya na gari, ɗaya na Landan.

Jamus ce ta fi cancantar a dakata a kanta, gama sunan da ta yi ya riga halin da ta shiga. Shekara da shekaru ana buga misali da Jamusawa wajen kiyaye lokaci. Amma cikin 2023 manyan jiragensu na tafiya mai nisa kashi 64 cikin 100 kaɗai suka iso a kan kari, cikin 2024 kuwa abin ya sauka zuwa 62 da rabi, watau fiye da ɗaya cikin uku ya makara, da mudunsu na minti 6 ke nan. Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Jirgin da aka soke tafiyarsa ɗungum ba ya shiga wannan lissafi, tun da wanda bai tashi ba ba a ce ya makara. Wannan kam awo ne da mai kasuwa zai kira algus, domin fasinjan da aka bari tsaye da kayansa shi ya fi kowa hasara, shi ne kuma ba a ƙirga ba.

Dalilin lalacewar ba ɓoyayye ba ne. Jirgi mai gudu, da jirgin ƙauyuka mai tsayawa kowace tasha, da jirgin kaya mai nauyi, galibi duk dogo ɗaya suke bi. In na gaba ya yi nawa, na baya ba shi da ta yi sai bin sa a hankali, kamar ayarin da jaki guda ya gurgunce a ƙunƙuntar hanya. Bayan haka an yi shekaru ana ƙara jirage ana tsuke bakin aljihu wajen gyaran dogo da gadoji da na'urorin ba da hannu, har aka cire waɗansu 'yan rassan da jirgi kan raɓe wani ya wuce. Da bashin gyara ya taru, sai aka ga faci ba zai yi ba. Cikin Yuli 2024 aka rufe hanyar da ke tsakanin Farankfut da Manhaim, mai tsawon kilomita 70, wadda jirage fiye da 300 ke bi kowace rana, aka yi wata 5 ana sabunta ta, fasinjojin garuruwan hanya kuwa aka zuba su a motocin safa.

Tsallaka iyaka zuwa Suwizalan, inda mafi yawan jama'a Jamusanci suke yi, sai labari ya sāke. Da mudunsu mai tsanani na minti 3, jirage fiye da 92 cikin 100 suka cika alkawari cikin 2023, suka haura 93 cikin 2024. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen masu cewa kiyaye lokaci halin wata kabila ne da ake haifuwarta da shi. Abin da ya bambanta su kuɗi ne da tsari. Cikin 2023, abin da gwamnatin Suwizalan ta kashe wa hanyar dogo, in an raba bisa kan kowane ɗan ƙasa, ya kai kimanin ninki huɗu na abin da Jamus ta kashe. Tsarin kuwa tun 1982 suka kafa shi: jirgin kowace hanya yana tashi a minti ɗaya na kowace sa'a, har mutum ya haddace ba sai ya duba takarda ba. A manyan tashoshi jirage sukan shigo gab da cikar sa'a ko rabinta, fasinjoji su sauya, sa'an nan su watse tare jim kaɗan bayan ta cika. Saboda haka ba gudu don gudu suke nema ba. Da suka gina sabuwar hanya tsakanin Zurik da Ban cikin 2004, abin da suka nufa shi ne tafiyar ta gaza sa'a guda da 'yan mintoci, domin ta shiga wannan ƙulli.

Har agogon tashoshinsu da hikimarsa. Wani injiniyan hukumar mai suna Hans Hilfiker ya tsara shi cikin 1944. Hannun sakan yakan kewaye cikin sakan 58 da rabi, ya tsaya cik a sama yana jiran ishara daga babban agogo guda, sa'an nan dukan agogunan ƙasar su tsallaka minti tare. Tsari irin wannan ba ya jure baƙon da ba shi da horo. Shi ya sa in jirgin Jamus ya iso birnin Basel na bakin iyaka a makare ƙwarai, Suwizawa sukan tsayar da shi nan, su saki nasu jirgin a kan lokaci, fasinjojin baƙon su nemi na gaba.

Japan ta bi wata hanya dabam. Ranar 1 ga Oktoba 1964 ta buɗe hanyar jirgi mai tsananin gudu, wanda suke kira Shinkansen, tsakanin Tokyo da Osaka, kilomita 515. Dogonsa nasa ne shi kaɗai, ba jirgin kaya a kai, ba inda hanyar mota ta gitta shi. Matsakaicin jinkirin kowane jirgi a wannan hanya, har da kwanakin guguwa da girgizar ƙasa, yakan tsaya kusa da minti guda, wata shekara ya gaza, wata ya ɗan haura. A tashar Tokyo masu shara minti 7 ake ba su su tsabtace jirgi duka. A jiragen cikin birane kuwa, in an makara kimanin minti 5 akan ba fasinja takardar shaida ya nuna wa maigidansa ko malaminsa. Cikin Nuwamba 2017 kamfanin wata hanya da ke kusa da Tokyo ya fito fili ya nemi gafara domin jirginsa ya tashi sakan 20 kafin lokaci, ko da yake ba wanda ya kai ƙara.

Duniya ta yi dariya da mamakin wannan labari, amma akwai wani da ba na dariya ba. Safiyar Litinin 25 ga Afrilu 2005, a garin Amagasaki kusa da Osaka, wani direba ɗan shekara 23 ya zarce wurin tsayawa a wata tasha, ya ja da baya, ya yi hasarar kimanin minti ɗaya da rabi. A lokacin kamfanin yana da wani horo mai wulaƙanci ga direban da ya yi kuskure: a sauke shi daga aiki kwana da kwanaki, a sa shi rubuce-rubucen tuba da ciran ciyawa, kuma an taɓa yi wa wannan saurayi. Ya shiga kwana da gudun kilomita 116 a sa'a inda ƙa'ida ta ce 70. Jirgin ya goce ya afka cikin wani gidan bene. Mutum 107 suka rasu har da shi, fiye da 500 suka jikkata. Masu bincike suka ɗora babban alhaki a kan wannan horo, gama hankalin direban ya tafi ga abin da za a faɗa a kansa, ya bar birki. Bayan haka kamfanin ya sassauta jadawalinsa, ya kafa a hanyar na'ura mai tsayar da jirgi da kanta in ya wuce kima. Lalle jadawalin da ba a bar masa wurin numfashi ba, laifin masu tsara shi ne kafin ya zama na mai tuƙi.

Amurka ba ta bukatar dogon bayani. Jiragen fasinja na nesa, waɗanda kamfanin Amtrak ke gudanarwa tun 1971, galibi baƙi ne a kan dogon kamfanonin kaya. Dokar 1973 ta ce fasinja ne a gaba, amma jirgin kaya yakan kai kilomita 3 ko fiye, reshen raɓewa kuwa bai kai tsawonsa ba, don haka ƙaramin ne tilas ya raɓe ya jira. A arewacin Indiya kuma hazon sanyi na Disamba da Janairu yakan riƙe jirage sa'o'i da yawa.

Fataken Arewa ba baƙin dogo guda ba ne. Jirgi ya iso Kano cikin 1911, shekara ta gaba hanya ta buɗe har Ikko, wajen mil 700, kusan dukanta layi ɗaya. Jirgin da ya taso daga Kano da wanda ya taso daga Ikko ba su iya wuce juna sai a tasha, saboda haka sa'ar da ɗaya ya ɓatar a Jebba, ɗayan ne zai biya ta yana tsaye a wata tashar daji. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita a Kano, wani ɓangare na labarinta jinkiri ne: bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi da taragu sun yi ƙaranci, gyaɗa ta yi ta taruwa tana jiran mai kwashe ta. Da aka maido da jirgin fasinja na wannan hanya cikin Disamba 2012 bayan ya daɗe a kwance, tafiyar ta kan ci sa'a 30 ko fiye.

Sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, da aka buɗe cikin Yuli 2016, ta nuna wa jama'a cewa jirgi na iya tashi a sa'ar da aka rubuta, har ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa ƙulla alkawari da shi, musamman da hanyar mota ta zama ta masu satar mutane. Daren 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka fasa dogon, suka kashe fasinjoji, suka tafi da mutane fiye da 60, waɗansunsu ba su ga gida ba sai cikin Oktoba. Jirgin bai sāke tashi ba sai 5 ga Disamba. Cikin waɗannan watanni 8 matafiya suka koma kan hanyar motar da suka gudo daga gare ta.