Tsohon Garin Doha da Al'adun Mutanen Katar

Doha, babban birnin Katar, tana bakin Tekun Fasha ne a gabashin ƙasar. Kafin zuwan man fetur gari ne na masunta da masu nutso cikin teku neman lu'ulu'u. Ta tsiro a gefen wani tsohon gari mai suna Bidda a farkon ƙarni na 19, daga baya su biyun suka haɗe. Tsohon garin ba shi da faɗi. Daga kasuwar Suƙ Waƙif zuwa unguwar Mushairib da fadar sarki duk tafiyar ƙafa ce, kuma a wannan ɗan yanki ne baƙo zai ga tarihin ƙasar da al'adun mutanenta.

Dauloli biyu na waje, Ingila da Turkiyya, sun yi iko da Katar. A 1868 wakilin Ingila, Lewis Pelly, ya ƙulla yarjejeniya da Shaikh Muhammad bin Sani, kakan gidan sarautar yanzu. A 1871 Turkawa suka shigo, suka ajiye sojoji a ganuwar Bidda, wurin da fadar sarki take a yau. Zama bai yi daɗi ba tsakaninsu da Shaikh Jasim bin Muhammad, har aka gwabza yaƙin Wajba a 1893, inda mutanen Katar suka yi galaba. Turkawa sun fice a 1915, a 1916 kuma Shaikh Abdullahi bin Jasim ya sa hannu a yarjejeniyar da ta sanya ƙasar ƙarƙashin kariyar Ingila. Turawan sun riƙe hulɗa da ƙasashen waje da tsaron teku, suka bar wa sarki mulkin cikin gida, har ma ba su ajiye jami'insu a Doha ba sai 1949. Wannan ne ya sa garin ba shi da unguwar Turawa ko manyan gine-ginen mulkin mallaka. Abin da ya rage daga wancan zamani gidajen 'yan ƙasa ne da ganuwoyinsu, kamar ganuwar Kut da ke kusa da kasuwa, wadda aka yi amfani da ita a matsayin gidan yari. Katar ta sami 'yancin kai a ranar 3 ga Satumba, 1971.

Lu'ulu'u shi ne arzikin garin na farko. A farkon ƙarni na 20 Doha tana da mutum kusan 12,000 da jiragen nutso wajen 350. Da zafi ya kama, daga Yuni zuwa Satumba, maza kan tafi teku su yi wata huɗu, mata su riƙe gida. Kowane jirgi yana da shugaba da ake kira nakhoda, da masu nutso, da masu jan igiya, da mawaƙi mai suna nahham wanda ke ƙarfafa musu gwiwa. Mai nutso yakan danne hancinsa da wani ɗan maƙali, ya rataya kwando a wuya, ya taka dutse mai nauyi ya nutse, ya tsinci kawa gwargwadon numfashinsa, sannan ya ja igiya a fito da shi. Aiki ne mai cin rai, kuma yawancin masu yin sa cikin bashi suke rayuwa. A shekarun 1930 lu'ulu'un da Japanawa suka fara kiwo ya karya kasuwar, talauci ya kori iyalai da dama. An gano mai a Dukhan a 1939, amma ba a fara fitar da shi ba sai 1949. Har yanzu jiragen katako na gargajiya suna jere a bakin teku, suna ɗaukar masu yawon buɗe ido.

Suƙ Waƙif ita ce zuciyar tsohon garin. A da nan makiyayan sahara ke kawo dabbobi da man shanu da ulu, su sayi shinkafa da dabino da tufafi. Kasuwar ta lalace a hankali, gobara kuma ta ci wani sashenta a 2003. A 2006 aka gyara ta bisa tsohon salo: bangon dutse da yaɓen ƙasa, rufin azara da gora da tabarmi. Kowace sana'a da layinta. Akwai layin kayan yaji, inda buhunan busasshen lemun tsami da kirfa da kanumfari da za'afaran ke jere a ƙofar shago, akwai na turare, na zinariya, na yadi, da na tsuntsaye. Dattawan 'yan dako suna bin mai sayayya da baro cikin lungunan da mota ba ta shiga, su jira shi a ƙofar kowane shago har ya gama. Ciniki al'ada ce a nan, ana taya kaya cikin raha da ladabi. Da yamma mata kan kafa tukwane a fili suna sayar da abincin gida.

A gefen kasuwar akwai sashen shahuna. Farauta da shaho gadon mutanen sahara ne, kuma har yau abin alfahari ne ga namiji ya iya horar da tsuntsunsa. A shagunan za a ga shahuna a jere bisa turaku, an rufe wa kowanne kai da 'yar hular fata don ya natsu, an ɗaure ƙafarsa da siririyar igiya. Mai saye yakan ɗora tsuntsun a hannunsa mai safar fata, ya duba faɗin ƙirji da tsawon fiffike kafin a shiga maganar kuɗi. Akwai ma asibitin shahuna a wurin, inda ake dasa musu gashin fiffike idan ya karye.

Unguwar Mushairib tana da tsofaffin gidaje huɗu da aka mayar gidajen tarihi a 2015. Gidan Radwani yana nuna zaman iyali na da, da tsakar gida da ɗakuna kewaye da ita. Gidan Kamfani shi ne ofishin kamfanin mai na farko, yana ba da labarin 'yan ƙasar da suka yi leburanci a rijiyoyin Dukhan. Gidan Muhammad bin Jasim yana bayanin yadda unguwar ta sauya. Gidan Bin Jalmud kuwa ya fuskanci abin da ba kowace ƙasa ke son tunawa ba, wato cinikin bayi a Tekun Indiya. An kawo mutane da yawa daga gabashin Afirka, suka yi nutso da aikin gida, kuma ba a soke bauta a Katar ba sai 1952. Jikokinsu 'yan ƙasa ne a yau, kaɗe-kaɗensu kuma sun shiga cikin waƙoƙin teku.

Karɓar baƙo ita ce kan gaba a al'adun Katar. Kowane gida mai hali yana da majalisa, ɗakin da ke aikin zaure a ƙasar Hausa, inda maza ke taruwa bayan sallar isha'i ana hira da sasanta rigima, yara kuma suna koyon ladabi. Baƙo yakan cire takalmi, ya yi sallama, ya gaisa da mutane daga dama. Sai a kawo dabino da gahawa mai ƙamshin wani kayan yaji da ake kira hail, da za'afaran, ba sukari. Mai zubawa yana tsaye, buta a hannun hagu, ƙananan kofuna a dama, yana farawa da babba. Ba a cika kofi, kuma da dama ake karɓa. Za a yi ta ƙarawa har sai baƙo ya ɗan girgiza kofin, alamar ya ƙoshi. A ƙarshe a zagaya da kaskon turaren wuta kowa ya turara tufafinsa, wanda ke nuna zama ya zo ƙarshe. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya majalisa da gahawar Larabawa cikin al'adun duniya da ake kiyayewa.

Babban abincinsu shi ne machbus, shinkafa da ake dafawa a romon nama ko kifi, a zuba a faranti ɗaya a ci tare. Akwai haris, alkama da nama da ake dafawa har su narke, da luƙaimat, soyayyen ƙullin fulawa da ake zuba wa zumar dabino. Maza na sa farar jallabiya da ƙyallen kai da baƙar igiya, mata na sa baƙar abaya, wasu tsofaffi kuma suna rufe fuska da batula.

Da azumi ana harba igwa a filin kasuwa lokacin buɗa-baki. A daren 14 ga Ramadan yara kan yi bikin Garangao, su yi ado, su rataya jaka a wuya, suna bi gida-gida da waƙa ana ba su gyaɗa da alewa. Ranar 18 ga Disamba ita ce ranar ƙasa, don tunawa da hawan Shaikh Jasim mulki a 1878. A ranar da kuma wajen bukukuwan aure maza kan yi rawar arda, sahu biyu suna fuskantar juna da takubba, ana kaɗa ganguna ana rera baitoci.

Manyan gidajen tarihi biyu ne ke cike wannan ziyara. Gidan Kayan Fasahar Musulunci, wanda I. M. Pei ya zana aka buɗe a 2008, yana ɗauke da rubutattun Alƙur'anai da darduma da tangaran daga Andalus har Indiya. Gidan Tarihin Ƙasa, zanen Jean Nouvel, an buɗe shi a 2019, an kuma gina shi ne kewaye da tsohuwar fadar Shaikh Abdullahi bin Jasim.

'Yan asalin Katar tsiraru ne a ƙasarsu, domin mafi yawan mazauna baƙin ma'aikata ne, shi ya sa suke riƙe da al'adunsu da muhimmanci, suke kuma son baƙo ya mutunta su. Ana so tufafi su rufe kafaɗa da gwiwa, ba a ɗaukar hoton mutum, musamman mace, sai da izini, ba a kuma ci ko sha a fili da rana cikin azumi. Shaguna kan rufe da tsakar rana su buɗe bayan la'asar, ranar Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, domin da bazara zafi kan haura digiri 40.