Salula a makarantar yaƙi da jahilci: wa zai riƙe ta?

Manoma da makiyayan Sae Sabuwa, da na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, salula ta shiga aji, kuma ta zo da gardama.

Daga shekarar 2009 ƙungiyar CRS ta fara buɗe karatun manya cikin garuruwa 113 na jahohin Doso da Damagaram. A kusan rabinsu, an ba kowane mutum biyar salula guda, su koyi rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, masu salula sun fi sauran iya rubutu da lissafi. Dalili a fili yake. Mai aika wa ɗansa saƙo a Kano ko Agadas ba ya manta baƙaƙe.

A 2014 aka gwada wata dabara a jahohin Maraɗi da Damagaram. Kowane mako a kira malami, da mai gari, da ɗalibai biyu, a tambaya ko an yi karatu. Nan ma ɗalibai sun ƙaru.

To, daidai ne a bi sawun malami da waya?

Masana suna da ma'auni uku. Na farko, na Bentam mutumin Ingila, yana duba amfani: in mutane da yawa sun ƙaru, abin ya yi. Da wannan ma'auni an gama magana.

Na biyu, na Kant mutumin Jamus, ba ya yarda da sauri. Shi haƙƙi yake dubawa. Ɗalibi yana da haƙƙin a koya masa. Malami kuma yana da haƙƙin a gaya masa tun farko cewa za a riƙa kira, ba a ɓoye ba. Haka salular mutum biyar. In saƙon wata mata ya shigo a hannun wani, ko ya iya karantawa, ba nasa ba ne. Amana ce, kamar tunkiyar da aka ba makiyayi kiwo. Wannan ma'auni ya fi wuya, amma shi ya fi tsare mace da talaka, domin su ne ake saurin ƙwace wa waya.

Na uku, na Aristo mutumin Girka, hali yake dubawa: malamin kirki yana zuwa aji ko ba a kira ba.

Kafin a raba salula a wata cibiya, kwamitin gari ya zauna ya tsai da ranar kowa, da wanda zai biya kuɗin caji.